Shekara biyu ba wuƙa a hannu: binciken likitocin tiyata masu neman ƙwarewa da inda yake kai su

A manyan asibitocin koyarwa na Amurka akwai wata al'ada da takan ɗaure wa baƙo kai. Likita ya gama makaranta, ya shiga horon tiyata na shekara biyar, ya yi biyu ko uku, hannunsa ya fara faɗawa, yana aikin gwaiwa da cire afendis ba tare da gabansa ya faɗi ba, sai a ce ya ajiye wuƙa. Zai yi shekara ɗaya, galibi biyu, wani ma uku, ba ya leƙa ɗakin tiyata sai jefi-jefi. Wani yana ɗakin gwaje-gwaje da ɓeraye, wani yana gaban kwamfuta yana tankaɗe bayanan dubban majinyata, wani ya koma aji neman digiri na biyu a fannin lafiyar al'umma. In ya gama ya dawo ya ɗora daga inda ya tsaya, horon shekara biyar ya zama na bakwai.

Babu dokar da ta tilasta wannan. Hukumar da ke ba da shaidar ƙwarewa a tiyata a ƙasar, watanni 60 na aikin asibiti take nema, ba ta ce dole kowa ya yi bincike ba. Duk da haka, wani nazari da mujallar Annals of Surgery ta buga a 2009 ya nuna kashi 36 cikin 100 na masu wannan horo sukan katse shi su tafi bincike, yawanci na kusan shekara biyu. A wasu jami'o'in kuwa, irin su Duke da Michigan, an riga an cusa shekarun cikin tsarin, duk wanda aka ɗauka ya san bakwai zai yi. In ka tare ɗaya daga cikin waɗannan matasan likitoci ka yi masa tambaya biyu, me kake bincike a kai, kuma ina ka dosa, za ka ji amsoshin a ɗaure suke da juna. A ganina amsa ta biyu ce take haifar da ta farko, a mafi yawan lokuta, kuma wannan shi ya sa tsarin yake da amfani, shi ne kuma ciwonsa.

Tushen al'adar yana wurin William Halsted, shugaban tiyata na farko a asibitin Johns Hopkins da aka buɗe a Baltimore a 1889. Halsted ya yi zaman neman ilimi a Jamus da Ostiriya, ya ga yadda jami'o'in can suka haɗa ɗakin tiyata da ɗakin gwaji a ƙarƙashin malami ɗaya, ya kwaso tsarin ya kawo gida. Nasa horon ba shi da ranar gamawa. Mutane da yawa ke shiga, a riƙa zubar da su a hanya, mutum ɗaya ya kai ƙololuwa bayan shekara takwas ko makamancin haka. Burinsa ya yaye shehunnan malamai da za su je su kafa sassan tiyata a wasu jami'o'in, kuma ya samu, don cikin almajiransa har da Harvey Cushing, wanda ya kafa tiyatar ƙwaƙwalwa a matsayin fanni mai cin gashin kansa. Daga baya Edward Churchill na babban asibitin Massachusetts a Boston ya sauya fasalin, ya zama duk wanda aka ɗauka ana sa ran ya gama. Zubar da mutane ya ragu, amma tunanin cewa cikakken likitan tiyata sai ya taɓa bincike bai gushe ba.

Masu kare al'adar suna da hujja mai ƙarfi, kuma wadda suka fi ɗaukowa ita ce ta Stanley Dudrick. Yana horon tiyata a Jami'ar Pennsylvania a Filadelfiya, a shekarun 1960, ya riƙa ganin majinyatan da aikinsu ya yi kyau, ɗinki ya zauna, amma su mutu saboda hanjinsu ba ya karɓar abinci, yunwa ta cinye su a kan gadon asibiti. Ciyar da mutum ta jijiya kuwa ya gagara a lokacin. In ruwan ya yi kauri da sukari da sinadaran gina jiki, sai ya ƙone ƙananan jijiyoyin hannu. In aka tsinka shi, sai an ɗura wa mutum ruwan da zai cika masa huhu kafin ya samu abin da zai riƙe shi. Dudrick ya bar aikin asibiti ya shiga ɗakin gwaji a ƙarƙashin malaminsa Jonathan Rhoads. Dabararsa ita ce ya zura siririn bututu har cikin babbar jijiyar da ke zuba jini a zuciya, inda jini ke gudu da ƙarfi, yana tsinka ruwan nan take. Ya gwada a kan 'yan kwikwiyo, watanni ba su ci komai ta baki ba, suka girma daidai da 'yan'uwansu masu cin abinci. A 1967 aka yi wa wata jaririya da aka haifa kusan ba ƙaramin hanji, ta yi ƙiba, ta rayu wata 22 a haka. Yau a manyan asibitoci da yawa ana rataya wannan jakar ruwa, kuma wanda ya ƙirƙiro ta bai gama horo ba lokacin da ya fara.

Steven Rosenberg ma yana horo ne a 1968 ya haɗu da wani dattijo da aka sallama shekara 12 kafin nan a kan ya je gida ya jira ajali, saboda sankarar ciki ta bazu har hanta. Da suka buɗe shi don cire masa matsarmama, babu ko alamar cutar. Tambayar yadda jikin mutumin ya cinye sankarar da kansa ita Rosenberg ya bi tsawon rayuwarsa a Cibiyar Sankara ta Ƙasa, inda yake shugabantar sashen tiyata tun 1974, har aka kai ga magungunan da ke zuga garkuwar jiki ta yaƙi ciwon daji. Shi kansa Halsted bai tsira daga wannan al'ada da ya dasa ba. Aikin da ya yi suna da shi, na cire nono gaba ɗaya tare da tsokar ƙirji, wani likitan tiyata ne, Bernard Fisher, ya rushe shi da gwaji a kan dubban mata, har ya nuna a 1985 cewa cire ƙarin kaɗai a bi da gashin haske (radiotherapy) yana ba da tsawon rai iri ɗaya ga masu ƙaramin ƙari.

To yau fa? Masu bin sawun Dudrick cikin ɗakin gwaji suna nan, suna aiki a kan garkuwar jiki da dashen gaɓoɓi, da sankarar hanta da ta hanji, da warkewar rauni, amma ba su ne suka fi yawa ba kamar da. Dalilin ba ɓoyayye ba ne, agogo ne. Shekara biyu gare ka. Kafin ka samu izinin gwaji a kan dabbobi, ka koyi sarrafa ƙwayoyin halitta, ɓerayen da aka sauya wa ƙwayoyin gado su hayayyafa, wata shida sun wuce. Gwajin farko ya ƙi, na biyu ya ba da abin da ba a fahimta ba. In Allah ya taimake ka ka fita da maƙala ɗaya ko biyu masu nauyi, in an yi rashin sa'a ka fita hannu rabbana. Abokinka da kuka ajiye wuƙa rana ɗaya, shi kuwa, ya zauna da kwamfutarsa, ya fita da maƙala 20.

Abin da ya buɗe wannan hanya ta biyu shi ne manyan rumbunan bayanai. Mafi shahara ana kiransa NSQIP. Ya faro ne a asibitocin tsofaffin sojoji a farkon shekarun 1990, bayan majalisar dokoki ta matsa a gano ko majinyatansu sun fi na sauran asibitoci mutuwa, sannan Kwalejin Likitocin Tiyata ta Amurka ta ɗauke shi ta faɗaɗa a 2004. Ma'aikaci na musamman ne a kowane asibiti yake shigar da shekarun majinyaci, da cututtukansa, da aikin da aka yi masa, da abin da ya same shi cikin kwana 30. Akwai irinsa na masu sankara, akwai na inshorar tsofaffi. Matashin likita da ya iya lissafin ƙididdiga zai iya yin tambaya da safe, kafin la'asar ya ga amsarta a kan mutum 200,000.

Kada a raina wannan fanni, ya yi aiki. Da irin wannan rumbu likitan tiyata John Birkmeyer ya nuna a 2002 cewa a manyan ayyuka masu haɗari, kamar cire sankarar maƙoshi, asibitin da ya saba yin aikin ya fi wanda yake yi sau ɗaya ko biyu a shekara fitar da mutane da rai, da tazara mai yawa. Takardar nan mai tambayoyi 19 da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar, wadda ake karantawa da ƙarfi a ɗakin tiyata kafin a sa wuƙa da kuma bayan an gama aiki, an gwada ta a asibitoci takwas, daga Landan zuwa Ifakara ta Tanzaniya, mace-mace suka sauka daga kashi 1.5 zuwa 0.8 cikin 100. Sunan da ke farkon maƙalar ta 2009, Alex Haynes, na likita ne mai neman ƙwarewa da ke cikin shekarunsa na bincike a ƙarƙashin malaminsa Atul Gawande. Binciken da ya fi burge ni ma ƙarami ne. A Jami'ar Michigan aka bi waɗanda aka cire wa matsarmama aka tambaye su ƙwayoyin kashe zafi nawa aka rubuta musu, nawa suka sha. Ana rubuta kimanin 50, suna shan kimanin 6, ragowar na zube a gida, a ƙasar da wannan nau'in ƙwaya ke kashe dubban mutane duk shekara. Aka rage zuwa 15, majinyata ba su ƙara kukan ciwo ba. Tambaya ce da kowa zai iya yi, ba wanda ya yi sai da aka samu mai lokacin zama ya buga waya.

Amma rumbun yana da nasa sharrin. Tambayar da bayanan za su iya amsawa ita ake yi, ko da ba ita ce ke damun majinyaci ba. Rumbun da ya tsaya a kwana 30 ba zai gaya maka ko mutumin ya koma aikinsa ba, ko gwaiwar ta dawo bayan shekara uku. Idan kuma mutane sun kai dubu ɗari, kowane ɗan bambanci sai ya fito kamar abin kirki a lissafi, alhali a gefen gado ba ya sauya komai. Sai ka ga an yanka tambaya ɗaya gida biyar, kowane yanki maƙala, yau a kan masu ƙiba, gobe a kan masu ciwon sukari, jibi a kan tsofaffi. Kowa a fagen ya san ana haka. Ana ci gaba da yi ne saboda masu tantance takardun neman gurbi ba su da lokacin karanta maƙalar kowa, ƙirgawa suke yi. Tun da aka daina ba da maki a matakin farko na jarrabawar lasisin likitoci a Janairun 2022, aka mayar da ita ci ko faɗuwa kawai, wannan tsere ya gangaro har kan ɗaliban da ba su ma gama makaranta ba.

Akwai kuma waɗanda suka juya fitilar kan horon kansa. Tun 2003 aka ƙayyade wa masu neman ƙwarewa awa 80 a mako, aka yi ta jayayya kan ko tilasta wa likita ya tafi gida a tsakiyar aiki yana taimakon majinyaci ko cutar da shi yake. Likitan tiyata Karl Bilimoria ya raba shirye-shiryen horo 117 gida biyu, aka sassauta wa rabi dokar, sakamakon da ya fito a 2016 ya nuna ba bambanci a mutuwa ko manyan matsaloli. A 2019 wannan rukuni ya tambayi sama da likitoci 7,000 masu horon tiyata halin da suke ciki, kusan kashi 65 cikin 100 na matan suka ce an nuna musu bambanci don suna mata. Wasu kuma sun tafi ƙera na'urori, wasu digirin kasuwanci, yanzu kuma ga masu koya wa kwamfuta kallon bidiyon tiyata ta faɗi inda aka yi kuskure.

Sai maganar kuɗi, wadda ba a cika sa ta a gaba ba. Gwamnatin tarayya ta hanyar Medicare, inshorar lafiyar tsofaffi, take ɗaukar mafi yawan nauyin horon likitoci, amma don aikin asibiti take biya, shekarun bincike sai an nemo musu wata kafa. Wani sashen ya biya daga aljihunsa, wani ya samu gurbi a tallafin horo na Cibiyoyin Lafiya na Ƙasa, NIH, wanda ake kira T32, wani ya rubuta takarda ya nemi nasa, da yawa kuma suna cike giɓin da kwanan asibiti na haya a ƙarshen mako. Likitan da ya fito makaranta da bashin karatu na kimanin dala 200,000 yana kallon ruwan bashin na hauhawa. Asarar gaske ma ba a nan take ba. Shekara biyun da ya ƙara, daga ƙarshen aikinsa za a cire su, lokacin da albashinsa ya ninka na yanzu sau biyar ko fiye. Mai iyayen da za su tallafa masa ba ya jin wannan kamar ɗan talaka, shi ya sa zancen wane ne ke iya tafiya bincike bai rabu da zancen gidan da mutum ya fito ba.

Me ya sa suke yi duk da haka? Saboda ƙofar da ke gaba. Kusan kashi 80 cikin 100 na masu gama horon tiyata na gama-gari a Amurka sukan ƙara wani horon na zurfafa ƙwarewa, na shekara ɗaya zuwa uku, kuma ƙofofin ba faɗinsu ɗaya ba. Tiyatar yara ita ce mafi ƙunci, gurabenta ba su kai 50 a shekara ba a duk ƙasar, kuma kusan rabin masu nema sukan tashi a tutar babu. Wanda bai yi shekarun bincike ba da wuya ma a kira shi ganawa. Tiyatar sankara tana biye da ita. Saboda haka mai son tiyatar yara zai nemi malamin da ke aiki a kan ruɓewar hanjin bakwaini ko ƙarin ƙodar yara, ko da ba nan zuciyarsa take ba, don wasiƙar wannan malamin da wayar da zai buga su ne za su buɗe ƙofar. Mai niyyar tiyatar haɗurra ko ta rage ƙiba yana da sarari, zai iya wucewa ba tare da ya tsaya ba. Wanda kuma ya san garinsu zai koma ya yi aikin gwaiwa da matsarmama da hanji, ba ruwansa da wannan duka, kuma shi ne ƙasar ta fi ƙarancinsa, musamman a karkara.

Mu bi wanda ya shiga da zuciya ɗaya, yana son ya zama mai bincike na gaske. Ya gama digirin farko yana ɗan shekara 22, likitanci 26, horo da bincike 33, zurfafa ƙwarewa 35. Lura da wani abu a nan: tsakanin ranar da ya rufe ƙofar ɗakin gwaji da ranar da ya fara aiki a matsayin malamin jami'a akwai shekara huɗu ko biyar na tiyata dare da rana. A kimiyyar ƙwayoyin halitta wannan zamani guda ne. Dabarun da ya koya sun tsufa, tambayarsa wani ya amsa. Yanzu zai nemi tallafin NIH na masu tasowa, K08 ko K23, wanda ke buƙatar ya ba bincike kashi 75 cikin 100 na lokacinsa, ko da yake wasu cibiyoyin sun sassauta wa likitocin tiyata zuwa rabi. Abin da tallafin ke biya bai kai rabin albashin likitan tiyata ba, sai sashen ya yarda ya cike daga kuɗin da wasu suka samo a ɗakin tiyata. Asibiti kuwa da yawan ayyuka yake auna likita. Kowace ranar da ya yi a ɗakin gwaji, a littafin akanta asara ce. Ga shi kuma sabon ƙwararre ne, wannan ne lokacin da ya kamata ya yi ta aiki hannunsa ya zauna, abokan aiki su saba turo masa majinyata. Ya riƙe taura biyu a baki, kowa kuma ya san yadda wannan ke ƙarewa. Babban tallafin da ke nuna mutum ya tsaya da ƙafarsa, R01, likitoci kan same shi karon farko ne sun haura shekara 40. Mafi yawa ba sa kai wa nan. Sukan zauna a jami'a suna tiyata da koyarwa, suna sa hannu a binciken wasu, ko su fita zuwa asibiti mai zaman kansa.

Ga mata lissafin ya fi tsauri. Shekarun bincike su ne kaɗai sararin da babu kiran dare, don haka da yawa a nan suke tsara haihuwa, sai a riƙa gwada yawan maƙalunsu da na wanda bai yi goyo ba. Wadda ta jinkirta kuma tana biyan wani farashin. Nazarin likitar tiyata Erika Rangel na 2021 ya gano kashi 42 cikin 100 na likitocin tiyata mata da aka tambaya sun taɓa yin ɓari, sama da ninki biyu na sauran mata.

Ni dai ban ga laifin mutum ya yi bincike don neman gurbi ba, kuma likitan da ya taɓa haɗa lissafi da hannunsa ba ya saurin ruɗuwa da tallan kamfanin na'ura. Inda nake ganin an yi sake shi ne an zuba hankali da kuɗi a kan shekara biyun tsakiya, aka bar shekara biyar na farkon aiki, alhali a nan ne ake samun mai bincike ko a rasa shi. Malamin da zai tsaya maka, da shugaban sashen da zai hana a cika maka jadawali da ayyuka, sun fi yawan maƙalun da ka tara kana ɗan shekara 30 tasiri.

Birtaniya ta bi wata hanyar daban, kuma ta fi ba mu abin dubawa. A 1996 editan mujallar Lancet, Richard Horton, ya yi wa binciken likitocin tiyata ba'a, ya kwatanta shi da wasan barkwanci, saboda yawancinsa labarin majinyatan da likita ɗaya ya yi wa aiki ne, babu gwaji na adalci. Maganar ta yi zafi, ta kuma yi amfani. Bayan rahoton kwamitin Walport na 2005 kan horar da likitoci masu bincike, aka ƙirƙiro gurabe na musamman na shekara uku, inda mai horo ke ba bincike kashi ɗaya cikin huɗu na lokacinsa ba tare da ya bar asibiti ba, daga nan ya nemi tallafin digirin digirgir, ya dawo a matsayin malami mai raba lokacinsa biyu. Abin da ya fi wannan kuwa masu horon ne suka ƙirƙiro da kansu. A 2007, a yankin Birmingham, suka lura cewa tunda ana juya su daga asibiti zuwa asibiti, kowa zai iya tattara 'yan majinyata a inda yake, a haɗa. Gwajinsu na farko a kan wata leda ce da ake sa wa bakin rauni don hana ƙwayoyin cuta, majinyata 760 a asibitoci 21, aka gano a 2013 ba ta da amfani. Da annobar korona ta zo, wannan zumunci ne ya tattaro bayanai daga ƙasashe da dama cikin makonni, ya nuna kusan ɗaya cikin huɗu na waɗanda aka yi wa tiyata suna ɗauke da cutar sun mutu cikin kwana 30.

A nan ne labarin ya taɓo mu. Tun da kwamitin Lancet ya fitar da rahotonsa a 2015, cewa mutum biliyan 5 ba sa iya samun tiyata mai aminci da sauƙin kuɗi a lokacin da suke buƙata, tiyatar ƙasashe masu tasowa ta zama fannin da matasan likitocin Amurka da Ingila ke rububin zaɓa. Cikin waɗanda suka rubuta rahoton akwai Farfesa Emmanuel Ameh, likitan tiyatar yara da ya daɗe a Zariya. An samu alheri a wannan sha'awa, an kuma samu ƙorafi. Baƙo ya zo na 'yan watanni, likitocin gida su tattara masa fayil, su yi masa tafinta, maƙala ta fito da sunansa a farko, nasu a tsakiya ko a cikin godiya. Shi ya samu gurbinsa, su suna nan inda ya bar su. Mujallu da dama sun fara tambayar wannan kafin su karɓi rubutu.

Ɗan Najeriya da ke mafarkin shiga tsarin Amurka ya kamata ya san cewa tallafin T32 na 'yan ƙasa ne da masu takardar zaman dindindin. Baƙi da yawa da guraben binciken da ba albashi suke farawa, shekara ɗaya ko biyu suna cin aljihunsu, don su samu wasiƙar da za ta kai su ga horo. Wasu sun haye. Oluyinka Olutoye ya gama likitanci a Ile-Ife a 1988, ya yi horon tiyata a Virginia, ya katse shi ya yi digirin digirgir, ya wuce tiyatar yara a Filadelfiya. Shi ne a 2016, tare da abokin aikinsa a Texas, suka fito da 'yar tayi mai mako 23 daga mahaifa, suka cire mata ƙari a gindin ƙashin baya, suka mayar da ita, aka haife ta bayan mako 12. Tun 2019 shi ne shugaban tiyata a babban asibitin yara na Columbus a jihar Ohio. Waɗanda suka ƙare kuɗinsu ba su samu gurbi ba, ba a buga labarinsu.

A gida kuwa tsarin ya bambanta. Kwalejin Likitocin Tiyata ta Afirka ta Yamma, wadda tushenta ya faro a 1960, da Kwalejin Horon Ƙwararrun Likitoci ta Najeriya da aka kafa a 1979, duk suna buƙatar kundin bincike kafin a ba mutum shaidar ƙwarewa. Wato kowa sai ya yi, amma ba a keɓe wa kowa lokaci ba. Likita a Kano ko Sakkwato ko Maiduguri yana rubuta kundinsa ne tsakanin kiran dare da zagayen safe, yana biyan gwaje-gwajen daga albashinsa, yana neman fayil ɗin da ya ɓata a ɗakin ajiya. Asusun horo da dokar horon likitoci ta 2018 ta tanada ma, biyansa na cikin abubuwan da ke jawo yajin aiki. Kundi da yawa daga ranar jarrabawa ba a sake buɗe su. Tambayoyin kuma ga su jibge: hanjin yara da taifot ke hudawa, yoyon fitsari, ciwon noma mai cin fuskar yara, sankarar nono da ke zuwa asibiti bayan ta fashe. Nazarin ƙasashen Afirka 25 da aka buga a 2018, a kan majinyata sama da 11,000, ya nuna namu sun fi na sauran duniya ƙuruciya da ƙarancin cututtuka, amma mutuwarsu bayan aikin da aka tsara ta ninka sau biyu, galibi saboda ba a gano matsala da wuri a ɗakin jinya.

Ba na jin asibitin da likita ɗaya ke riƙe da aikin mutum uku zai iya sakin kowa na shekara biyu. Tsarin haɗa hannu kuwa an riga an gwada shi a nan. A 2022 aka buga sakamakon wani gwaji da aka yi a asibitoci 80 na ƙasashe bakwai, ciki har da Najeriya da Gana da Benin, a kan majinyata sama da 13,000. Tambayar ita ce ko sauya safar hannu da kayan aiki kafin a rufe ciki yana rage ruɓewar rauni. Ya rage, daga kashi 18.9 zuwa 16 cikin 100, kuma likitoci da ma'aikatan jinya na waɗannan asibitocin ne suka tattara bayanan suna kan aikinsu na kullum.